Gilashi na Arba'in da Ɗaya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mutumin da duk wanda ya yi karatun likita a makarantarmu cikin shekara talatin ɗin nan ya sani da Baban Gilashi. Ya rasu yana da shekara sittin da shida, a kan gadon asibitin da ya yi wa aiki tun yana saurayi. Yau kwana biyar ke nan, kuma har yanzu na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ofis sai in ji kamar a aji ya kamata in kasance, in na shiga aji sai in tsinci kaina a bakin ƙofar ɗakinka, Baba, ina kallon kujerarka da tawul ɗin da kake ratayewa a bayanta.

Ga wanda bai san ka ba, kai ba likita ba ne, kuma ba ka taɓa yarda a kira ka haka ba. Aikinka shi ne karɓar ɗan naman da aka ciro daga jikin maras lafiya, ka daskarar da shi cikin kakin kyandir, ka yanka shi siriri har haske ya riƙa ratsa shi, ka rina shi, ka shimfiɗa a kan ɗan gilashi domin mu duba ta madubin likita. Ni da nake koyar da cututtukan huhu a yau, a hannunka na fara ganin huhu. Ina 'yar shekara ashirin, na kwashe rabin awa ina leƙa madubi ban ga komai ba sai duhu, ga kunya ta hana ni tambaya. Ka zo ta bayana, ka kunna fitilar da na manta ban kunna ba, ka ce, "'Yata, ko tuƙin mota ne sai an fara tayar da ita." Ba ka taɓa ba kowa wannan labari ba, ni ce nake tona kaina yau.

Kana da wani akwatin katako mai gilasai sittin, duka na huhu, wanda muke koyarwa da shi. Doka ta ce lamba kawai za a rubuta a jiki, kai kuwa sai ka ƙara da sana'ar mai huhun a ƙasan lambar, da ɗan ƙaramin rubutunka mai karkata. Mai fasa dutse. Mai dafa abinci da itace. Direban babbar mota, mai shan taba. Ɗinki a ɗaki maras taga. Shugabanni uku suka yi maka faɗa a kan haka, dukansu sun tafi sun bar akwatin yadda yake. Kakan ce wa ɗalibai huhu ba ya mantuwa, duk abin da mutum ya shaƙa yana neman abincinsa yana nan a ajiye. Da haka ka koya musu bambanta baƙin ɗigon hayaƙi da dunƙulen tabon ƙurar dutse, da ramin da tarin fuka ke ci, da jakunkunan iskar da taba ta yayyage. Tambaya ɗaya ka dasa a bakin kowa: kafin ka taɓa maras lafiya, ka tambaye shi me yake yi, kuma me yake kiwo a gida.

Kai kuma tattabaru kake kiwo, wannan kowa ya sani. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa yakan sami 'yan shila biyu a kwali, wai ya je ya ci ya daina kuka. Lokacin da na haihu, sati uku matarka tana aiko mini da romonsu. Na sha zuwa gidanka na same ka a tsugune cikin ɗakinsu kana shara, ƙurar kashinsu da ta gashinsu ta yi maka fari a gira, kana kiran kowace da sunan da ka sa mata.

Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Shekara huɗu da suka wuce ka ɗauki hutun wata guda, ka ce za ka je ganin 'yan'uwa. Da ka dawo sai na ga sabon gilashi a akwatin, a gurbin na arba'in da ɗaya wanda ya fashe tuntuni. Na sa shi a madubi a gaban ɗalibai, na yi murna ƙwarai, domin ban taɓa samun misali mai kyau irinsa ba. Ga bangon jakunkunan iska ya yi kauri, ga tabo ya fara cin gefe, ga 'yan ramuka jere kamar saƙar zuma. Na bayyana musu cewa jiki ne ke faɗa da ƙurar tsuntsaye shekara da shekaru har huhu ya ƙandare, kuma in ba a raba mutum da tsuntsayen da wuri ba, babu maganin da zai mayar da abin da ya lalace. Sannan na karanta rubutunka, mai kiwon tattabaru, na ɗaga kai na hango ka a bayan aji na ce, "Baba, ga ɗan'uwanka nan, sai ka yi hattara." Aji ya fashe da dariya, kai ma ka yi, dariyar ta ƙare da tari.

Shekara huɗu ina koyar da wannan gilashi. Shekara huɗu kana tsayawa hutawa a tsakiyar matakala ka ce gwiwa ce, kana tari ka ce warin maganin ɗakin gwaji ne, ni kuma ina wucewa da abin sauraren ƙirji rataye a wuyana ina ce maka Allah Ya sawwaƙe. Ban taɓa ɗora shi a bayanka ba ko sau ɗaya. Sai da aka kwantar da kai, na ɗaga hoton ƙirjinka na ce ban gane yadda abin ya yi nisa haka ba tare da mun sani ba. Ka janye robar iska daga fuskarka ka ce, "Ai kin san shi, 'yata. Arba'in da ɗaya." Ashe hutun nan wani asibiti ka je aka ciri naman, ka roƙi a ba ka ragowar, ka zo ka yanka da hannunka.

Na yi fushi da kai, Baba, kuma ba zan ɓoye ba don ka rasu. Na tambaye ka me ya sa ka yi shiru, ka ce da ka faɗa mini da na zo da mota na kwashe tsuntsayen, kuma ka san halina. Gaskiya ka faɗa, da na kwashe su ko kana zagina. Amma fushin da nake yi da kaina ya fi wannan yawa, domin tambayar da ka koya mini na yi wa dubban baƙi, ban yi wa wanda yake gaishe ni kullum da safe ba.

Jiya na koma gidanka yin gaisuwa. Na sami Inna, matarka, ba ta cikin masu zaman makoki, tana can baya da tsintsiya a ɗakin tattabaru, wai kada su ji babu kai. Tun da ka kwanta ita ke yin sharar, kafin nan ma ita ke tankaɗe musu hatsi. Tana yi mini sannu da zuwa sai na ji ta yi wani busasshen tari. Ban jira mun koma ɗaki ba, a nan tsaye na ɗora mata abin sauraro a baya. Na ji ɗan ƙaras-ƙaras a ƙasan haƙarƙari, kaɗan ne, irin wanda ake iya tarewa in an hanzarta. Na ce mata sai mun ɗauki hoton ƙirjinta, kuma tsuntsayen nan sai sun bar gidan. Ta ce, "Su kaɗai ya bar mini masu motsi." Na ce, "Inna, ya bar miki 'ya'ya huɗu da ni, kuma ba za mu yi gilashi na biyu daga gidan nan ba." Ta juya ta ci gaba da shararta. Gobe da safe zan koma da kwanduna, in ta kore ni in dawo jibi.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya gafarta maka, Ya yalwata maka kabarinka fiye da yadda numfashi ya ƙuntata maka a ƙarshe. Ya sa ilimin da ka bari a akwatin nan ya zama sadaka mai gudana a gare ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yanka da jikokinka, da abokan aikinka na ɗakin gwaji, da ɗalibanka da ke warwatse a asibitoci. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya ba Inna lafiya, Ya kuma sa ta buɗe mini ƙofa gobe. Amin.