Haiwar da Na Miƙe wa Wuya

Akwai wani mai walda kusa da wurin aikinmu a Maradi. Duk sanda ya tsoma jan ƙarfe cikin ruwa, ƙaurin ya shigo ta taga, sai in ga hannuna ya tsaya cak a kan ordinater, wato kwamfuta. Nan take hankalina ya koma ƙauyenmu, tsakanin Mayahi da Tasawa, cikin rumfar maƙerar kakana.

Kakana maƙeri ne, kuma da haiwa aka san shi. In ba ka san ta ba, hauyar noman tsaye ce mai doguwar ƙota, ruwanta kamar fukafukan tsuntsu a buɗe, ana tura ta ƙarƙashin rairayi tana yanke ciyawa. Da bazara ta kama, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai manoma su cika rumfar, har daga Kona ake zuwa. Ni mace ce, ba a ba ni guduma, zugazugi ma sai na faki ido nake taɓawa. Rabona gawayi ne da bangon zaure. Duk haiwar da ya ƙera sai na zana ta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mani, don haka uwata yake ce mani ko da faɗa yake yi. "Uwata, kin ƙarar mani da gawayi!" Amma bai taɓa sa an shafe bangon ba.

Akwai wata ɗabi'arsa da take ba ni haushi. Mutum zai zo a gaggauce yana son haiwa, sai tsoho ya miƙa masa sanda ya ce ya ɗan yi noma a fili ya gani. Ƙato da gemunsa ya yi ta turar ƙasa da sanda, shi kuwa ya zuba masa ido. Na ɗauka jan rai ne irin na tsofaffi.

Kakata kuwa ina ƙarama ta rasu. Abin da na riƙe nata kaɗan ne: gamanarta, 'yar gonar wake a bayan gari, da yadda take dama fura da hannun hagu mata suna yi mata tsiya tana ramawa.

Baffannina duk sun watse, wani Agadas, wani Kano, ba wanda ya zauna a maƙera. Ni kuma lakkwal, wato boko, ta yi gaba da ni, har na samu shiga makarantar koyon zanen kayan injuna. A can aka koya mana zana ƙarfe ta fuska uku, gaba da sama da gefe, kowane layi da awonsa na milimeta, da farko a takarda, daga baya a ordinater, yadda wanda bai taɓa ganin abin ba zai iya ƙera shi. A shekarar ƙarshe aka ce kowa ya zaɓi abu guda ya zana, a ƙera, da shi za a yanke masa hukunci.

Lokacin hannun kakana ya fara rawa, ido ya dushe, wutar maƙera ta mutu. Abin da ke cin ransa shi ne haiwarsa za ta bi shi kabari. Na yi masa alkawari zan ajiye ta a takarda. Ya laluba ƙarƙashin gadonsa ya ciro wani ruwan haiwa a naɗe cikin tsumma, ya ce in kula da shi.

Da na auna a makaranta, sai na ga fiffike ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, wuyan kuma ya ɗan karkace. Wallahi kunya na ji, na ce hannun tsoho ne ya kuskure. A ordinater akwai dabara, ka zana rabin abu, ita ta juya maka shi ta cika ɗaya rabin. Haka na yi, haiwa ta fito sambal. Malaminmu ya yaba, aka ƙera ta, na ci jarrabawa. Da hutu na tafi gida da ita ina tafe ina jin kaina.

Kakana ya karɓa ya shafa ta da yatsu, ya juya, ya sake shafawa.

"Uwata, wa za ya yi noma da wagga?"

"Kowa ma, Baba Tsoho."

"Kin ga mutumin yana noma?"

Na ce a'a. Sai ya ce, "Wadda na ba ki ta kakarki ce. Bahaguwa ce, ga ta gajera, kahwaɗa tana damunta. Ni na karkata mata wuyan da gangan. Da ita ta yi noma har ta kwanta dama."

Ai kuwa sai hawaye suka zubo mani. Ya ba ni abin da ya rage masa na matarsa, ni kuma na goge ta daga ciki ina murna. A ranar na gane amfanin sandar nan da take ba ni haushi.

Sauran hutun a rumfar na ƙare shi. Yana kama yatsana yana bi da shi kan tsofaffin haiwoyi, yana gaya mani ta dogo, ta gajere, ta mai ciwon baya, ina aunawa ina rubutawa. Bai ga daminar gaba ba.

Yanzu a kasuwa haiwoyi duk kai ɗaya ne, an yanko su daga tsohon ƙarfen mota, ka ɗauka ko ka bari. Ni aikina zanen kayan injin niƙa da amalanke, shi ke ci da ni. Amma zanen haiwa yana nan, na bar masa gurbin tsawon mutum da hannun da yake sawa gaba, kuma mai waldan nan yana ƙerawa in an nema. Haiwar kakata tana kan teburina da karkacenta.

Makon jiya mai waldan ya turo mani wani dattijo mai son haiwa, yana ta sauri kada mota ta bar shi. Na ɗauko sandar da nake ajiyewa a bayan ƙofa na miƙa masa. Ya dube ni kamar na zautu.

Na ce, "Baba, ɗan yi noma in gani."