Tankin Motar Baba a Makon Bikin Yaya Bilki

Ranar Alhamis ce a watan Yuli, shekarar da na cika sha ɗaya, saura kwana biyu a ɗaura auren Yaya Bilki. Na fito bayan gidanmu na McLeansville, can ƙasar waje, da kwando zan tsinko wa Mama kuɓewa, sai na hangi ƙafafun Baba sun leƙo daga ƙarƙashin motarsa mai ɗaki. Yana kwance a kan tabarma da farar jallabiyarsa, yana ƙwanƙwasa wani baƙin tanki da bayan yatsa, yana kasa kunne kamar mai zaɓen kankana.

Tsohuwar mota ce, ya saya ya gyara da hannunsa, don shi makaniken manyan motoci ne. Tana da gadaje da banɗaki da tankuna uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. A makon bikin gidanmu ya cika, aka sauki Hajiya Kaka, mahaifiyar Mama, wadda ta zo daga Katsina, tare da ƙannenta mata uku a cikin motar. Allon da ke nuna cikar tankunan yana ciki, daidai kan gadon Hajiya. Baba kuwa ko gaisuwa daga bakin ƙofa yake yi, a durƙushe, takalmansa a gefe. Shiga ɗakin suruka ba ya cikin tsarinsa, ko da ɗakin yana da taya shida.

Don haka ni ce idonsa. Sau uku a rana nakan bar carafken da muke yi da 'ya'yan baƙi a gindin bishiya, in yi sallama, in danna maɓalli, in dawo in faɗa masa fitilu nawa suka kama cikin huɗu. Kwana uku ke nan allon na nuna tankin bayan gida yana kan fitila biyu. Baba bai yarda ba. Ya ce waɗanda suka ƙera motar ba su san buta ba, ba su yi lissafin mata huɗu masu tsarki da alwala sau biyar ba, kuma idon na'urar da ke auna tankin yakan toshe. Shi da kansa yake ɗura ruwa da tiyo kowace safiya, ya san abin da ya shiga. "Ruwa ba ya ɓata," in ji shi, "in ba ki gan shi ba, yana ƙasa yana jiranki."

A safiyar nan tankin ya daina amsa yatsansa. Ya cika, ko saura ƙiris. In aka ƙara yini guda ƙazanta za ta taso cikin ɗakin, a gaban dangin ango da za su zo gaida Hajiya da yamma. Kwashewa kuma sai an tuƙa motar zuwa wurin zubarwa, wato sai an fitar da tsofaffin. Na ce masa bari in je in gaya wa Kaka banɗakinsu ya cika. Ya dube ni, ya ce wannan magana ba za ta fito daga gidansa ba.

Ya shimfiɗa darduma a inuwa, ya jera kujeru, ya sa aka kawo kunu da ƙosai. Sannan ya roƙi Mama ta shaida wa Hajiya cewa bai dace baƙi su tarar da masaukinta da ƙura ba, yana neman izini ya kai motar wanki. Ya tafi ya kwashe tankunan, ya ɗauraye su, kuma ya wanke motar da gaske har tana ƙyalli, don kada maganarsa ta zama ƙarya. Da ya dawo Hajiya ta zagaya ta, ta shiga, ta fito. Ba ta ambaci sunansa ba, kamar kullum. Ta ce wa Mama, "Ki ce wa maigidan, wankin ya kai har inda ido ba ya gani. Allah ya rufa masa asiri."

Yanzu ƙanena yana da irin motar, ita ke aiko masa da saƙo a waya in tanki ya kusa cika, kowa ya gani, har a yi raha a kai wajen cin abinci. Ya fi sauƙi, ban musa ba. Amma nakan tuna mutumin da ya kwanta a ƙasa da fararen kaya don kada tsohuwa ta sunkuyar da kai. Irin wannan aunawar ba a koyonta a jikin allo.