Kusurwar Dama ta Kwamfutar Mama Roda

Roda Kwaji ta yi ƙuruciyarta a kan tafireta, a wani ofishi a Gella. Yatsunta sun san haruffa kamar yadda ƙafa ta san hanyar gida. Da aka kawo kwamfuta aka jingine tafiretocin, sa'o'inta da yawa suka haƙura da aikin. Ita kuwa mijinta ya rasu ya bar mata yara, don haka ta zauna ta koya, tana da furfura. Bayan ta yi ritaya ta kama ɗan shago a Mubi, tana buga wa ɗalibai ayyukansu a wata tsohuwar kwamfutar cinya mai raunin batir.

Wata rana da hantsi wata ɗaliba, Fa'iza, ta zo da babin ƙarshe na bincikenta. Rubutun ya sha gyara har ba ya karantuwa, sai ta zauna tana faɗa da baki, Roda tana bugawa. Aka ɗauke wuta ba su sani ba, don ba ƙwan lantarkin da ke kunne. Suna gab da gamawa kwamfutar ta mutu ba sallama, kuma Roda ba ta adana komai ba.

Fa'iza ba ta yi faɗa ba. Ta dai sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan mayafinta.

"Ki yafe mini, 'yata," in ji Roda. "Gobe ki zo da sassafe, ba zan taɓa aikin kowa ba sai mun gama naki."

Da yamma ta ɗauki kwamfutar ta je wurin Mu'awiya mai gyara. Ya duba ya gaya mata cewa ƙananan alamomin da ke layin ƙasa, a kusurwar dama, sun yi yawa, kuma an kashe ta batir, shi ya sa ba ta ga alamar wuta ta tafi ba. Ya miƙa hannu zai gyara, ta hana shi. So take ya nuna mata, ta yi da hannunta.

Ta sa tabarau, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar aikin kowacce. Ta fito da ta batir, ta bar agogo da ta intanet, sauran ta tura su bayan 'yar kibiyar da ke ɓoye alamomi. Mu'awiya ya ce ta bar ta lasifika, ta ce ita ba kiɗa take sayarwa ba.

Washegari ita da Fa'iza suka sake babin, ya ma fi na jiya tsari. Fa'iza ta kammala karatu, yanzu tana koyarwa a Maiha. Duk ɗalibin da ta ji yana neman mai bugu, shagon Mama Roda take kwatanta masa, ta kuma gargaɗe shi ya tafi da haƙuri, don tsohuwar ba ta yarda a sa ta gaggawa.