Shanun Yumɓun Iya da Kunyar Ɗan Fari

Da kakar nan da muke ciki, shekara shida ke nan da aka ɗauki mahaifiyata, wadda duk unguwarmu a Gure ke kira Iya, aka kai ta makwancinta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa can ta fi nan. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan toya masa in raba wa yara sadaka, in yi shiru da bakina. Bana shirun ya ƙi. Haushi nake ji, kuma Allah Ya yafe mini, rabin haushin nata ne, rabin nawa.

Iya ba ta taɓa taka ƙofar lakwal ba, wato makarantar boko, amma ban ga gidan da yara ke koyon aikin hannu kamar namu ba. In masu lambu sun hauro daga kwari sai ta roƙi curin yumɓu, ta shimfiɗa tabarmar kaba a gindin dogon yaro, jikoki su kewaye ta. Shanu ake ginawa, da raƙuma, da ƴan tukwane. Ƙaho ƙayar aduwa ce. In an yi girbi ta ɓare karan hatsi, a soke totuwar da ɓawon, mota ta fito har da ƙafafu. Ƙaro take jiƙawa a gwangwanin tumatir a yi manne da shi. Launi kuwa gawayi ne da jar ƙasa da ruwan zoɓo, kuma in tana son ta ba yara mamaki sai ta jefa ɗan gutsuren kanwa a cikin zoɓon, jan ya juye a idonsu. Ni tela ce, kuma ƙyallayen da nake sharewa daga ƙarƙashin keke ita ke bi tana tsincewa, tana yi mini faɗa wai na zubar da zanen ƴar tsana.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne waɗanda ta fi ja a jiki. Ƴaƴan fari ne. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Iya kanta haka ta yi wa babban yayanmu, har ta rasu ban ji sunansa a bakinta ba. Amma shi bai rasa komai ba, don kakarmu tana gidan, ita ta goya shi, ita ta gina masa shanunsa. Da jikoki suka zo sai Iya ta hau gurbin. Uwa ta kau da kai, kaka ta buɗe hannu, yaro bai ma san an kau da kan ba.

Ni na daɗe ban haihu ba. Shekara tara ina jira, Iya tana taya ni addu'a, ta tafi ba ta ga amsar ba. Bayan rasuwarta da shekara biyu Allah Ya ba ni ɗa namiji, yanzu shekararsa huɗu. Mahaifinsa direba ne, tsakanin Damagaram da Diffa yake kwana yake tashi. Kakarsa ta wajen uba tana Gamu, ƙafa ta hana ta tafiya. Gida daga ni sai shi. Na kuwa riƙe kunya ƙam, yadda na gada. “Kai, zo.” “Kai, bari.” Shi ma Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena na faɗa. Ina ciyar da shi, ina yi masa wanka, in ya yi zazzaɓi ba na runtsawa, amma ban taɓa zama a ƙasa na yi wasa da shi ba. In ya dame ni ina kan keke, wayar salula nake miƙa masa ya je can ya yi ta kallo.

Bana aka sa shi a jardan, ajin ƙananan yara. Wata rana madam ɗinsu, wato malamarsu, ta ce kowane yaro ya zo da wani abu da suka yi da hannu shi da uwarsa ko ubansa. Ni da ɗinkin biki ya sha mini kai, na leƙa shago na sayo motar roba na ba shi. Da na je ɗaukarsa madam ta ja ni gefe. Ta ce ta tambaye shi wa ya yi motar, ya ce mai shago, kuma wannan ce magana mafi tsawo da ta ji daga bakinsa tun da aka buɗe lakwal. Ba ya riƙe alli, ba ya shiga cikin yara. Ta tambaye ni wa ke wasa da shi a gida. Yarinya ce da na girme ta nesa, amma ita ce ta ba ni shawara. Ta ce ba sai na sayi komai ba, in zauna da shi kawai, ko da ƙasa ce mu dama.

Washegari na sa aka kawo mini yumɓu daga kwari. Bayan la'asar na tura ƙofar gida, don ban so a gan ni, na shimfiɗa tabarma na ce masa ya zo. Ya tsaya yana kallona, ya zaci laifi ya yi. Na fara gina saniya. Ni da na shekara ashirin ina ganin Iya na yi, abin da ya fito daga hannuna ya fi kama da kunkuru. Yaron ya yi dariya. Ya zauna, ya tsoma hannu, sai ga baki ya buɗe. Saniyar tana shan ruwa? Ina uwarta? Me ya sa ba ta da wutsiya? Ashe maganar tana nan cike da cikinsa, wanda zai zauna ya ji ne babu. Wallahi sai da na juya kai don kar ya ga idona.

Muna cikin haka aka yi sallama, kafin in motsa an turo ƙofa. Hajiya Gaji ce, maƙwabciyarmu, ƙawar Iya tun suna amare, ta kawo atamfa a ɗinka mata. Ta gan mu, ta riƙe haɓa tana dariya.

“Zara, ke ce a ƙasa da ɗan fari? Ina kunyar da Iya ta bar miki?”

Ba da mugunta ta faɗa ba, tsokana ce irin ta tsofaffi. Amma ni zumbur na miƙe. Na ce, “Ni? Ɓarna na tarar yana yi, Hajiya.” Na buge hannunsa, na ce ya tashi ya ba ni wuri, na sa ƙafa na ture yumɓun gefe har da saniyar. Bai yi kuka ba, da ma ya yi. Ya dube ni, ya dubi saniyar, ya je bakin randa ya wanke hannunsa shi kaɗai. Da na sani ƙeya ce. Kwana goma bayan haka in na ce ya zo mu yi shanu, sai ya girgiza kai ya ce in ba shi salula.

Tun ranar nake tambayar kaina abin da Iya za ta ce. Ba zan yi mata ƙarya a bayan ranta ba, mai yiwuwa da ita ta shigo ita ma ta riƙe haɓa. Mace ce mai riƙon al'ada. Amma na san ba za ta tsaya a nan ba, za ta ajiye mayafi ta zauna a gurbin da na tashi. Nan ne haushina yake. An bar mana rabin abu an ce mu riƙe. Kunyar tana nan, kowa na gadinta, kowa na da bakin tuna maka ita. Kakar da ke cike gurbin kuwa ta tafi, ko tana wani gari, ko tana gidan amma idonta na kan tata salular. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kuwa mun saki hannu guda muna mamakin jinka ta faɗo a kan yara. Masu tambayar ina kunyata ba wadda ta taɓa cewa a kawo mata yaron ya wuni.

Ita ma Iya ina da ƙorafi a kanta. Ta koya mini yadda ake kau da kai, har na iya fiye da ita, amma ba ta taɓa zaunar da ni ta nuna mini abin da take haɗawa da yumɓu ya ƙi tsagewa ba. Ko kuwa ta nuna ne ina can ina sauraron ƙarar keke? Shanun da na yi ta gwada ginawa bayan ranar nan duk sun tsattsage. Sai da na tambayi wata mai ginin tukwane a kasuwa ta ce in cuɗa da ƙaiƙayi in shanya a inuwa. In na auna abin da ya rage na Iya, gidan an raba, tufafin an bayar, shanun sun koma ƙasa tuntuni. Abin da ya saura shi ne jikokin da suka zauna a tabarmarta, manya yanzu, kuma ba wanda ya taɓa shakkar ana son sa. Nawa ɗan shi kaɗai ne bai samu ba.

Saboda haka na daina kiransa ya zo mu yi shanu. Kullum bayan la'asar ina fitar da tabarma tsakar gida, ƙofa a buɗe, in zauna in yi ta cuɗa yumɓu ni kaɗai, mace mai shekara arba'in. Kwana uku yana leƙe daga bakin ɗaki. Shekaranjiya ya matso har gefen tabarma, hannuwansa a baya, bai zauna ba.

Ya ce, “Yaya, in an yi sallama za ki tashi?”

Na ce ba zan tashi ba. Ya zauna a ɗofane, ya ɗauki ɗan curi. Ba mu gama ƙafa biyu ba aka yi sallama a ƙofa, muryar Hajiya Gaji, ta zo karɓar ɗinkinta. Yaron ya saki yumɓun, ya ɗago yana kallon fuskata. Na amsa daga inda nake zaune, na ce ta shigo ta ɗan jira, muna aiki.