Minti Goma da Gishirin Keana

Minti goma aka ba ni a taron malaman jami'a na farko da na taɓa yin magana a cikinsa, nan Lafia. Shekara biyu na yi ina bin matan da ke dafa gishiri a Keana, kuma a layin gaba ga wata farfesa da nake fatan ta yarda ta duba digirina na uku. In ta ƙi, ban da kowa.

Ni kuwa a gidanmu ba a wuce babba ba gaisuwa. Da na kama makirufo sai na ga manya reras. Na gaida shugaban taro, na gaida mai sarauta, na bi farfesoshi ɗaya bayan ɗaya da muƙamansu, ina tsoron in tsallake wani ya riƙe ni a zuciya. Na hango shugaban sashenmu a baya, na koma na gaida shi, har da matarsa. Mai kula da lokaci ta ɗaga kwali: saura minti uku. Ina cikin bayanin inda Keana take aka kaɗa ƙararrawa. Ko kalmar gishiri ban kai ba.

Lokacin shan shayi na laɓe bayan tankin ruwa, kunya kamar in nutse. Can farfesar ta same ni. Na durƙusa zan sake wata gaisuwar.

"Tashi, gaisuwar ta isa haka," ta ce. "Na ga taken takardarki. Mene ne matan suka koya miki?"

A tsaye na faɗa mata yadda ake yayyafa wa ƙasa ruwan gishiri, a kankare ta, a tace a tukunya mai huda, a dafa ruwan, da yadda suke gane gishirin ya nuna ta ƙarar tafasa kawai. Ta tambayi wa ya nuna mini. Na ce wata tsohuwa ce 'yar ƙabilar Alago, wadda hayaƙi ya cinye wa ido ɗaya.

Ta ce in aiko mata da takardar, za ta duba ni. Har ta juya, sai ta dawo.

"Kin gaida kowa a ɗakin nan. Tsohuwar nan kaɗai ce ba ki ambata ba."

Ban iya shan shayin ba.