Kafso a Ƙirjin Baba

Shekarar da gwamnati ta taso daga Ikko zuwa Abuja, Baba ya biyo ogan da yake tuƙawa. A ƙirjinsa akwai batirin da likitoci suka dasa masa a can, don zuciyarsa takan yi nawa. Aka ba mu ɗaki biyu a bayan gidan oga a Maitama, siminti ko gama bushewa bai yi ba.

Da damina ta kankama, tabon da ke kan batirin ya kumbura, ya fara ruwa. Baba ya hana a faɗa, don direba mai ciwo ba ya daɗewa a bakin aiki, ɗakin kuma na aikin ne. Ni kuwa na taɓa zaman wata shida a shagon magani, ina jin kaina rabin likita. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kullum da safe in fasa kafso biyu, in barbaɗa garin a kan ciwon, in rufe ruf da filasta, yadda kowa ke yi wa gyambo. Wata biyu ina wannan aiki, har ina yi wa Inna tsiwa in ta ce a bar wurin ya sha iska.

Sai da zazzaɓi ya kayar da shi yana wanke mota muka je asibiti. Bayan gwajin kwanaki, likita ya ce ba irin ƙwayar cutar da kafso ke kashewa ba ce. Fumfuna ce, dangin wadda ke cin burodi. Ta samu ɗumi da laima a ƙarƙashin filasta, ta bi wayar batirin har cikin zuciya. Dole a ciro batirin da wayarsa, kuma duk faɗin titunan sabon birnin ba mu sami mai yi ba. Sai dai a koma Ikko, in jikin zai ɗauki hanya.

Likitan ya dubi fatar da garin ya rine ta zama rawaya, ransa a ɓace. "Malam, wa yake zuba maka wannan?"

Ina tsaye a gefen gado, sauran kafson na cikin jakata.

"Ni da kaina nake zubawa, likita," in ji Baba. Ko kallona bai yi ba.

Kwana tara ya ƙara a duniya, bai kai ga hanyar Ikko ba. Tsoro ne ya sa na yi shiru ran nan, kuma shirun ya fi kafson ci mini rai. Inna ta san gaskiya, amma har ta bi shi ba ta taɓa tayar da maganar ba.