Takardar Baba

Tsarin gwamnatin tarayya a bakin wani tela na koye shi, a unguwar Aboabo ta Kumasi, ƙarshen shekarar 1969. Ban nemi karatun ba. Lokacin ina da aure da 'ya'ya biyu, ina sayar da koko a ƙofar gidanmu, sai aka ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana. Baba kuwa shekararsa arba'in yana fataucin goro a Kumasi, amma asalinsa mutumin Najeriya ne. Takardar zama sai da fasfo, shi kuma bai taɓa riƙe fasfo ba.

Ya je ofishin jakadancin Najeriya a Ankara, babban birnin Gana, neman fasfon ya dawo ransa a ɓace. Akawu ya tambaye shi jiharsa, ya ce Arewa. Akawu ya ce ai Arewa yanzu shida ce, wacce daga ciki? Baba ya ce shi dai guda ɗaya ya baro.

Telan maƙwabcinmu ne, mai sauraron rediyo, kuma irin mutanen nan da in ka tambaye su ƙarfe nawa sai sun ba ka tarihin agogo. Ya ɗauki alli ya zana a kan teburinsa.

"Baba, abin sauƙi paa. Gomnati babba yana Legas, shi ke da soja, kuɗi, fasfo. Ƙarƙashinshi jiha goma sha biyu, kowane da gwamna, da makaranta da asibiti nashi. Ƙarƙashin jiha En'e, hukumar sarki ke nan, sai hakimi, sai dagaci."

Baba ya ce, "To ni wa zai ba ni takarda?"

"Legas. Amma Legas bai san ka ba, sai ya ji daga ƙasa. Kowa zai tambayi na ƙasa da shi, har a kai ga wanda ya san fuskarka."

Haushi ya kama ni. Duk girman ƙasar nan da sojojinta, ashe zaman ubana a Kumasi ya rataya ne a kan ko wani tsoho a wani ƙauyen Zazzau zai tuna shi.

Malamin unguwa ya rubuta wa dagacin wasiƙa da ajami, aka ba wani direba cikin masu komawa. Baba ya daina zuwa kasuwa. Yana zaune a ɗaki muna kallon maƙwabta suna sayar da gadaje da tukwane suna hawa manyan motoci. Tsoro nake ji, ƙwarai kuwa.

Amsa ta zo bayan wata huɗu, malam ya karanta mana a tsakar gida. Dagaci yana gaisuwa. Ya ce lallai an yi mai wannan suna, ɗan wane, amma ya rasu tun da daɗewa a hanyar Gwanja, wani fatake ne ya kawo labari. An yi masa salla, an raba gonarsa. Saboda haka ba zai iya yi wa mamaci shaida ba.

Tela ya buɗe baki zai yi bayanin inda ake ɗaukaka ƙara, na harare shi ya rufe.

Baba ya ce, "Malam, karanta ƙarshen kuma."

Malam ya karanta. Mahaifiyar mamacin ce ta riƙa yi masa sadaka kowace shekara, shekara goma sha ɗaya, har ita ma ta rasu.

Baba bai taɓa aika mata ko gaisuwa ba. Kullum cewa yake sai ya tara abin zuwa. Sai ya juyo gare ni.

"Gobe kada ki sayar da kokon. Ki raba wa mutane, na Innata ne."